Hatsin Kaka Ya Kai Wata Kaka

Jawabi ga 'yan ajin yaƙi da jahilci na Sara da ƙauyukan kewaye

 

Maganarmu ta yau maganar ciki ce, watau yadda magidanci zai yi abincin gidansa ya kai shi daga wannan kaka zuwa waccan, ga shi kuwa kaya sun yi tsada. Ba wanda zai koya wa mutumin Sara ciniki. Kasuwa a ƙofar gidanku ta ke, ran da ta ke ci kuwa fatake daga nesa su ke zuwa da motoci su ɗibi hatsi da riɗi da dabbobi. Amma sanin ciniki dabam, sanin lissafin gida dabam. Akwai mutumin da ba a taɓa cutarsa wajen awo ba, duk da haka kowace shekara rumbunsa ya kan ƙare a tsakiyar damina.

Da fari bari mu dubi ita tsadar. Tsofaffin da ke nan sun san fam da sule da sisi da taro. Ran 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, aka ce fam guda naira 2 ne, sule guda kuwa kwabo 10. A lokacin nan wanda ya mallaki jaka guda, watau fam 100 ko naira 200, ya yi arziki. Yau jakar nan ba ta sayen tiya guda ta dawa. A 1975 aka biya ma'aikatan Gwamnati ƙarin albashin nan na Udoji, kuɗi ya yi yawa a hannun mutanen birni, nan da nan kaya suka tashi har a kasuwannin ƙauye, alhali manomi bai sami ƙarin kome ba. Kun ga tsada tsohuwar baƙuwa ce.

 Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. A cikin Yunin 2023 kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata kuɗi, dalar Amurka da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna, ta ce abincin da aka saya naira 100 a Yunin 2023 ya koma wajen naira 140 a Yunin 2024.

Wani zai ce, "To, ni ina ruwana da fetur da dala? Ba ni da mota, ban kuma taɓa ganin dala ba." Malam, da ruwanka. Motar da ta kawo gishiri da sabulu Sara mai ta sha. Injin niƙa mai ya ke sha, haka injin ban ruwa na fadama, haka babur ɗin da ya kai ka asibiti Birnin Kudu. Maganin feshi da na asibiti da yawansu daga waje a ke sayo su da dala. Duk wannan kuɗi ya kan bi hanya ya bi hanya har ya faɗo cikin tukunyar miya.

Mu nan ba mu da ikon sauke kuɗin mai. Abin da ke hannunmu shi ne rumbu da aljihu, a kansu kuwa za mu tsaya.

Ku ɗauki allo ko takarda, za mu yi lissafi tare. A ce gida ne mai mutum 8, manya da yara. A ce kullum suna cin tiya ɗaya da rabi, tuwon dare da ɗumame da kunu ko fura. A kwana 30 tiya nawa ke nan? Tiya 45. A wata 12 fa? Tiya 540. In buhunku yana cin tiya 40, to, abincin gidan nan na shekara buhu 13 da rabi ke nan. Ba mu sa iri ba, ba mu sa baƙo ba, ba mu sa almajirin da zai tsaya a ƙofa ba, ba mu sa 'yar'uwar da za ta zo wankan jego ta yi kwana 40 ba. Saboda haka mu ce buhu 15. Zakka kuma tun a gona a ke fid da ita in amfanin ya kai nisabi, kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga na ban ruwa. Ba a lissafa ta cikin abincin gida.

Gidan wani ya fi haka, na wani bai kai ba. Kowa ya yi nasa. Mai ajiye hatsi a dami ya ɗauki dami guda matsakaici, a sussuka, a sheƙe, a auna, ya ga tiya nawa ya bayar, sa'an nan ya ƙidaya damunan da ya zuba a rumbu. Aikin yini guda ne. Amma mutum nawa a cikinmu suka taɓa yinsa? Yawancinmu leƙa rumbu mu ke yi, mu ga ya cika, mu ce alhamdu lillahi. Ido kuwa ba mudu ba ne, ko da ya san kima.

Amfanin wannan lissafi shi ne ka san inda za ka tsaya da sayarwa. Gama babbar ɓarakar da ke cinye gidan manomi ita ce sayar da hatsi da kaka, a komo a saye shi da damina. Da kaka kowa ya kawo nasa kasuwa, hatsi ya yi yawa, kuɗinsa ya faɗi. Lokacin nan ne kuma masu bin bashin taki su ke tsaye a ƙofa, lokacin nan ne a ke ɗaura aure, lokacin nan ne yaro ke son babur. Sai mutum ya yi ta jida. Watan Yuli da Agusta kuwa, ana tsakiyar marka, gero bai nuna ba, dawa ba ta ko fid da kai ba, rumbuna sun yi ƙasa, sai kuɗin hatsi ya hau.

Ga misali, ba kuɗin kasuwar yau na ke faɗa ba, don lissafi ya yi sauƙi ne. Mutum ya sayar da buhu 4 da kaka, tiya 160 ke nan, kowace tiya naira 1,000. Ya karɓi naira 160,000, ya ji daɗi. Da marka abinci ya ƙare, ya komo kasuwa, ya tarar tiya ta zama 1,500. Kafin ya mai da tiya 160 ɗin nan gida sai ya biya naira 240,000. Ina naira 80,000 ta tafi? Ta tafi wurin wanda ya saya ya ajiye. Watakila ma dawar da ya noma da hannunsa ce ya ke saye, ta yi wata bakwai a sito, ta fito ta fi ƙarfinsa. Ga kuɗin mota zuwa da komowa. Mafi muni kuma, da marka ba shi da kuɗin, sai ya ci bashin hatsi, a ba shi buhu guda ya biya fiye da haka da kaka, ko ya bar gonarsa da ciyawa ya tafi ƙodago gonar wani don ya samo awon yini. Gonar da ba a nome ta kan kari ba kuwa kun san abin da ta kan bayar. Haka rashin bana ke haifar na baɗi.

Na sani ba don wauta a ke sayarwa ba, bukata ce. To, sai a tsara abin da za a sayar tun kafin shuka. Ƙasarmu ta Gwaram da Birnin Kudu tana yin riɗi da gyaɗa da wake da zoɓo. Waɗannan su ne na kuɗi, su za a kai kasuwa a biya bashi, a yi sutura, a yi hidima. Dawa da gero da masara na ciki ne, ba a taɓa su sai an ware na shekara. In lalle sai an sayar da wani abu don wata larura, a dubi akuya ko tunkiya tukuna. Abin da ya ragu bayan an ware buhu 15 ɗin nan, shi ne naka na sayarwa, ka sayar da shi sa'ad da ka ga dama.

Ku tuna da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da aka sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi suka tafi banki, sababbi ba su zo ba. Mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa don ba a ba shi. Manomi ya kai kaya kasuwa, mai tsabar kuɗi a hannu ya taya yadda ya so. Gidan da ke da hatsi a rumbu kuwa, ko ba miya mai kyau, an tuƙa tuwo. Takardar kuɗi tana iya raguwa tana cikin aljihunka, amma tiyar dawa tiya ce ko yaushe, cikin da ta cika bara shi za ta cika bana.

Sai dai ku ji wannan da kyau, kada wani ya fita ya ce na ce a ɓoye hatsi a jira tsada. Ajiya don ci dabam, ajiya don riba dabam. A 2024 waɗansu sun ga yadda masara da dawa suka yi tashin gwauron zabo, sai suka ci bashi suka saya suka tara. A 2025 kuɗin hatsi ya sauka ƙwarai, alhali taki bai sauka ba, mutane da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ba kowace shekara kasuwa ke bin hanya guda ba. Wanda ya ajiye na bakin iyalinsa, ko hatsi ya hau ko ya sauka bai yi hasara ba, gama ci zai yi. Wanda ya ci bashi ya tara don riba, caca ya ke yi da abin da ba nasa ba.

Ajiyar kuma sai da kula, in ba haka ba ka yi wa ƙwari da ɓera noma. Hatsi ya bushe sarai kafin a zuba. A share rumbu, a toshe tsaga, a gyara jinka kafin ruwan fari. Buhu kada ya kwanta a ƙasa, a sa masa itace a ƙarƙashi. Wake shi ya fi wuyar ajiya. Akwai buhun nan da a ke kira PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. In an matse iska aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwaron da ke ciki ya kan mutu don rashin numfashi, ba a bukatar magani. Ledar ta huje kuwa aikin ya ɓaci, saboda haka a nisanta shi da ɓera. Jarka mai murfi ma tana yi, in an cika ta har baki aka rufe gam. Abin da na ke roƙonku shi ne kada a zuba maganin feshin gona ko fiya-fiya cikin abin da za a ci. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da waken Nijeriya wurinsu saboda yawan maganin ƙwari da suka samu a ciki. Abin da baƙo ya ƙi saya don tsoron lafiyarsa, ina dalilin da za mu dafa wa 'ya'yanmu?

To, mu bar rumbu mu zo ga cefane. Nan kuma iyayenmu mata sun fi mu sani, sai ku gyara mini in na kauce.

Cefanen kullum a ƙulle-ƙulle mu ke yinsa. A aiki yaro ya sayo man naira 100, sukarin naira 100, ƙullin gishiri, ƙullin omo. Kuɗin ba ya zafi don kaɗan-kaɗan ya ke fita. Amma ku gwada wannan a gida. Ku sayi kwalbar mai guda, ku auna ta da ɗan ludayin da mai sayarwa ke aunawa. A ce kwalbar naira 2,000 ce, a ce kuma ta ba da ludayi 25 na naira 100. Wanda ya saya ludayi-ludayi ya biya 2,500 ke nan a kan abin 2,000. In gida na shan kwalba 4 a wata, an yi ƙarin naira 2,000 ba a sani ba. Ban ga laifin mai sayarwa ba. Maƙwabciyarku ce, ita ma ribar nan ce abincin 'ya'yanta, ta kuma sayi leda, ta yi zaman jira. Amma ya kamata mai saye ya san abin da ya ke biya.

Wani zai ce, "Ai wanda ke samun na yau ya ci yau ba shi da kuɗin kwalba, balle galan." Gaskiya ne, wannan kuwa ita ce muguntar talauci, mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi sayen kaya da tsada. Maganinta haɗa hannu. Gida biyar su haɗa kuɗi ran kasuwa, mutum guda amintacce ya sayo galan na mai, da buhun gishiri, da sandunan sabulu, a zo a raba a gaban kowa, a rubuta. Kuɗin mota ma na mutum guda aka biya. Mata sun daɗe suna adashi don biki. Adashin nan zai yi aiki ga cefane, wadda ta kwasa ta sayi kayan miyan wata guda a sari. Sai dai akwai tarko a ciki. Abin da ya yi yawa a ɗaki hannu ya kan buɗe a kansa, man da zai yi wata sai ya ƙare a kwana 20. Uwargida ta zuba na mako a ƙaramar kwalba, ta ɓoye babbar.

Kayan miya kuma kowanne da lokacin arharsa. Da sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da tumatir da tattasai da albasa na fadama suka cika kasuwa, har a kan zubar da waɗansu don rashin mai saye, lokacin nan a ke yanka tumatir a shanya a yi kauɗa. Kun tuna yadda tumatir ya gagari mutane a tsakiyar 2024, har a birane aka koma neman busasshe. Kuɓewa a yanka da kaka a shanya. Kuka da karkashi da yakuwa da rama haka. Zogale guda biyu a bayan ɗaki sun isa gida. Daddawar kalwa tana gyara miya, tana kuma da amfani a jiki, ba sai an jefa dunƙulen magi biyar a tukunya guda ba. A shanya a kan tabarma ko rufin ɗaki, kada a shanya a bakin titi inda ƙura da akuya ke bi.

Ran kasuwa kada ka fita sai ka rubuta abin da za ka saya, da kuɗin da ka ware wa kowanne. Ga amfanin karatun da ku ke yi. Takardar nan ita ce za ta riƙe hannunka sa'ad da ka bi ta gaban mai tsire. Ka tambayi kuɗin abu wuri uku kafin ka taya. Ka dubi gindin mudu, ka dubi yadda a ke tsoro da shafewa, in ka ga dama ka tafi da tiyarka ta gida ka sake aunawa. Mai cire kuɗi wurin masu POS ya cire na mako gaba ɗaya, gama kowace cirewa da ladanta. Kayan Salla a saye su tun da sauran wata biyu, kafin yadi da ɗinki su hau, ragon layya kuwa wanda ya sayi ƙarami ya kiwata ya fi wanda ya je kasuwa ana jibi Salla.

Akwai kuma kuɗin da ke fita ta aljihun maigida shi kaɗai, wanda ba ya shiga tukunya. Goro, shayi a tasha, katin waya, sigari ga mai sha. A ce naira 300 ce kullum. A wata 9,000, a shekara 108,000. Da kuɗin misalinmu na ɗazu tiya 108 ke nan, watau abincin gidan nan mai mutum 8 na kwana 72. Ban ce a daina cin goro ba, kada dattawa su kore ni. Na ce a san nawa ya ke ci. Maigidan da ke faɗa a kan an zuba mai da yawa a miya, ya fara duban nasa aljihun tukuna.

Biki da suna kam, kowa ya san yadda su ke kwashe rumbu. Yarinya ba a dare ɗaya ta ke girma ba. Kwano guda bana, tabarma baɗi, 'yar akuya tana haihuwa, kafin lokaci ya zo an rage nauyi. Gasa da gidan wane ita ke sa a sayar da abincin wata uku don yinin da ba wanda zai tuna shi bayan mako guda.

Tattali kuma ba ƙwauro ba ne. Akwai wuraren da ragi hasara ne. Yaro na zazzaɓi a kai shi asibiti da wuri, jinkirin kwana uku ya kan mai da ƙaramin kuɗi babba, wani lokaci ma ba kuɗi kaɗai a ke rasawa ba. Mai ciki da mai goyo da yaron da aka yaye kada a rage musu wake da gyaɗa da ganye. Iri mai kyau da takin gona ba wurin tsumulmula ba ne, in na kanti ya gagara a tara na gida tun da rani a kai gona. Takalmin da zai tsinke a mako biyu kuwa ya fi mai tsada tsada, shi ya sa a ke cewa araha ba ta ado.

Abu na ƙarshe, wannan lissafi ba na maigida shi kaɗai ba ne. Shi ya san abin da ke rumbu, ita ta san abin da tukunya ke ci. In kowa ya riƙe nasa sani a ciki, sai ran da aka kai ƙasan rumbu a fara zargin juna, shi ya ce ana ɓarna, ita ta ce ba ya ba da isasshe. Ku zauna tun da kaka ku ƙidaya tare. In lissafi ya nuna hatsin wata 9 ne kawai, gara a sani a watan Disamba, lokacin da hatsi ke da araha, a sayi cikon wata ukun da kuɗin riɗi, ko saurayi ya tafi cin rani da sanin adadin abin da zai samo, ko a shiga noman fadama.

Ga aikin da za ku zo da shi mako mai zuwa. Kowa ya sami ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A shafin farko ya rubuta mutum nawa ke ci a gidansa, da tiya nawa a ke aunawa kullum, da dami ko buhu nawa ke ajiye yanzu. A shafi na biyu ya ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. Gidan farko rana, na biyu abin da aka saya, na uku kuɗinsa. Kome aka saya cikin kwana bakwai ɗin nan a rubuta, ko ashana ce, ko goron naira 50. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya zana alama, kwalba ga mai, ƙwarya ga hatsi, ya sa lamba a gaba, ko ɗansa ɗan makaranta ya taimake shi. Ba za a karanta littafin kowa a gaban jama'a ba. Malamin aji zai zauna da ku ɗaya-ɗaya a haɗa jimla, mata kuma malamarsu za ta duba nasu. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.